Shagon Da Titi Ya Fi Shi Tudu: Asarar Damina A Potiskum

POTISKUM — Garin Potiskum na Jihar Yobe ya yi suna ne da kasuwar shanunsa mai ci ranar Laraba, amma dukiyar da ke jibge a sito-sito da shagunan garin, wato gero da dawa da wake da gyaɗa da siminti da takin zamani, ita ma ba ƙarama ba ce. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuwa, babban abokin gabar wannan dukiya shi ne ruwan da ke shigowa ta ƙofa.

Ambaliyar da ta shafi ƙananan hukumomi da dama na jihar a 2022 da 2024 ta shiga labarai. Wadda ba ta shiga ita ce ta shago ɗaya, inda ruwa iya idon sawu ya kwana a ƙarƙashin buhuna ɗari biyu.

Sau da yawa titi ne sanadi. Potiskum tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2006, kuma duk inda aka yi sabon titi ko aka sake shimfiɗa tsoho, akan yi ciko a ɗaga shi. Ginin da ke gefe kuwa yana nan inda magini ya bar shi. Shagon da a da ake hawa a shiga, sai ya koma wanda ake gangarawa, filin ƙofarsa ya zama kwari.

Magina a Amurka da Kanada sun daɗe da sanin irin wannan matsala, domin gidajensu na da ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, tagoginsu kuma na cikin wani ɗan rami da aka haƙa a jikin bango don haske ya shiga. Ramin nan yakan cika da ruwa har ya kutsa ta tagar. Maganin da suka tsaya a kai shi ne a zurfafa ramin ya wuce gindin tagar, a zuba tsakuwa, a dasa bututu da zai kai ruwan wurin da ya fi gangare, sannan a rufe bakin da murfi don kada ganye ya toshe shi. Ƙa'idar gini ta Amurka ta kuma ce ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara daga bango da kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko.

Akasarin 'yan kasuwa a nan kuwa dokin ƙofa suke ɗagawa da bulo ɗaya ko biyu, ko su jera buhunan yashi. Wannan yana tare ruwan sa'a guda, amma bai ba shi hanyar tafiya ba. Ruwan da ya tsaya a gindin bango yakan tsuma harsashi, ya ɓullo ta daɓe, sai buhun da ke ƙasa ya sha danshi alhali mai shago na ganin ya tsira.

Lissafin ba wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan sito mai rufin kwano na murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai milimita 40, zai zubar da lita 4,000, wato duro 20. In babu indararo da bututun da zai ɗauke shi, duk a ƙofa zai sauka, tun kafin na titi ya iso.

Don haka aikin farko shi ne a raba ruwan rufi da ƙofar. Na biyu, a yanka 'yar kwata a gaban ƙofar, a rufe ta da ragar ƙarfe, a ja bututu mai gangaren aƙalla santimita ɗaya a kowace mita. Sai dai a kula: idan lambatun gwamnati ya fi ƙofar tudu, haɗa bututu da shi gayyatar ruwa ce, domin da zarar leda da yashi sun cika shi, baya zai dawo. A nan sai dai a haƙa sokawe kamar mita biyar daga ginin, bayan an gwada ƙasar da ɗan rami an ga tana shanye ruwa, ko kuma a sa ƙaramin injin ja.

Hatsin da danshinsa ya haura kimanin kashi 13 cikin ɗari yakan fara fumfuna, a gyaɗa da masara kuma fumfunar na haifar da gubar afalatoksin, wadda ke sa kamfanoni su ƙi kayan. Siminti kuwa dunƙulewa yake yi. Shi ya sa ake ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

Sauran magana ita ce ta wanda zai biya. Ɗan haya ba ya son kashe kuɗi a ginin da ba nasa ba, mai shago kuma ba kayansa ne ke jiƙewa ba. Ya fi dacewa a yanke wannan a rubuce lokacin biyan haya, tun da rani. Mai inshora ma ya duba takardarsa, domin ta gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwa sai an ƙara sharaɗin ambaliya a ciki.