Gaskiya ko Jita-jita: Aya Ɗaya Ta Isa Hujja?

Ana yawan ji a bakin wasu masu bi cewa Littafi Mai Tsarki a bayyane yake, duk wanda Ruhu Mai Tsarki ke tare da shi ba ruwansa da wasu ƙa'idojin fassara, wai ƙagen malaman tauhidi ne. Rabin maganar gaskiya ce, domin umarnin ƙaunar maƙwabci ba sai da digiri ake gane shi ba. Sauran rabin kuwa Nassi da kansa ya ƙaryata shi. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya tarar da wani babban jami'in Habasha cikin karusarsa yana karatun Ishaya, mutumin bai ɓoye ba, ya ce yana bukatar mai yi masa jagora. Bitrus ma ya yarda akwai wurare masu wuya a wasiƙun Bulus, waɗanda wasu ke murɗawa. Gardamar tsohuwa ce. Da ita Augustine na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya buɗe littafinsa kan koyarwar Kirista a ƙarshen ƙarni na 4, ya tuna wa masu ƙin ƙa'ida cewa su ma ɗan Adam ne ya koya musu abacada.

To, batun ɗauko aya ɗaya a ce ai ga shi a rubuce fa? Wannan jita-jita ce, mai haɗari kuwa. Marubutan ba su san lambar sura ko aya ba. Stephen Langton ne ya yanka surori a farkon ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa wa Sabon Alkawari lambobin aya a 1551. Bulus wasiƙu ya aika, ana karanta wa ikkilisiya daga gaisuwa har sallama. A Matiyu sura 4 kuwa, Shaiɗan da kansa ya jawo aya daga Zabura 91 don ya jarrabi Yesu.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne labarin da ake kira la'anar Ham. Masu mallakar bayi a kudancin Amurka da masu wa'azin da ke mara musu baya sun daɗe suna cewa Allah ya la'anci baƙar fata, bauta ce rabonta. A buɗe Farawa sura 9 a karanta a tsanake. Nuhu ya bugu da ruwan inabi, ya kwanta tsirara a alfarwarsa, ɗansa Ham ya gan shi. Da ya farfaɗo, sai ya la'anci Kan'ana, ɗaya daga 'ya'yan Ham huɗu. Nuhu ne mai maganar, sunan Kan'ana ya kama, launin fata ko kaɗan bai fito ba. Sura ta 10 ta nuna zuriyar Kan'ana sun zauna daga Sidon zuwa Gaza, ba a Afirka ba. Tambayoyi uku kawai, wa ke magana, a kan wa, me ya biyo baya, sun isa su rushe hujjar da aka ɗaure mutane da sarƙa a kanta.

Ƙa'ida ba ta kashe duk wani saɓani, Katolika da Furotesta har yau suna da nasu. Amma tana hana a karanta wahayi kamar jadawalin lissafi. William Miller, manomi mai wa'azi a jihar New York, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844 ranar dawowar Almasihu. Wasu sun bar amfanin gona ba girbi, wasu sun rabar da dukiya. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a haska nassi mai duhu da nassi bayyananne, Matiyu 24:36 kuwa ta faɗi sarai cewa ba wanda ya san ranar. Duk da haka, Harold Camping ya sake yin irin wannan lissafi ta gidan rediyonsa a California, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka sake kwashe ajiyarsu suna biyan allunan talla.