Kashi Ɗaya Cikin Ɗari: Wa Ke Biyan Diyyar Masu Shara da Goge-goge?

Kafin ma'aikacin banki ya ɗaura nakatayel, an riga an wanke tayil, an goge gilashi, an kwashe kwandon shara. Masu wannan aiki a bankuna da asibitoci da manyan ofisoshin Abuja da Kano da Kaduna, yawancinsu ba ma'aikatan wurin ba ne. Kamfanin kwangila ne ya ɗauke su, ya ɗinka musu yunifom, ya rarraba su. Ranar da ɗayansu ya faɗo daga tsani, manajan wurin ya ce a kira kamfaninsu, mai kamfanin kuma ya aiko da kuɗin kemis da "Allah ya sawwaƙe". Daga nan sai dangi su shiga karo-karo.

Alhali akwai doka. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, aka kuma ɗora wa hukumar NSITF alhakin tafiyar da ita. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata a asusun hukumar. Idan ma'aikaci ya ji rauni, ko aikin ya jawo masa ciwo, ko ya rasu, asusun ne zai biya. Ba sai an je kotu an tabbatar da laifin wani ba.

Nawa ne kuɗin? Mu ɗauki kamfani mai ma'aikata goma, kowanne yana karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Albashin wata ya kama 700,000, kason hukuma 7,000 ke nan, a shekara 84,000. Karayar ƙafa ɗaya, da hoto da ɗori da jinyar makonni, ta isa ta lashe abin da ya fi haka. Kuma kuɗin daga aljihun mai kamfani yake fita. Dokar ta hana a yanke ko sisi daga albashin ma'aikaci da sunan wannan inshora. Wanda ya ga an zaftare masa, haƙƙinsa aka ci.

Don kwatantawa, a dubi Amurka. A can kamfanonin inshora ne galibi ke sayar da wannan kariya, suna yanka kuɗi a kan kowace dala 100 ta albashi gwargwadon haɗarin sana'a, kuma kamfanin da ma'aikatansa suka cika jin rauni sai a ƙara masa. Dokar Najeriya ma ta ba NSITF ikon rarrabe sana'o'i bisa haɗarinsu, amma kashi ɗayan nan shi ne abin da aka saba karɓa.

Mutane na raina haɗarin wannan sana'a saboda tsintsiya da bokiti suke gani. A leƙa banɗakin ofis da sassafe. Yarinya sabuwar ɗauka, an ce mata oga ba ya son wari, sai ta zuba bilic irin su Hypo ko Jik a masai, ta bi shi da ruwan wankin masai mai asid don ya fi fita. Haɗuwar biyun tana tayar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro, ga ɗaki ƙarami babu taga. A asibiti kuma, mai kwasar shara ya danna leda da hannu don ta shiga kwando, allurar da aka jefa a ciki ta soke shi. Ta wannan hanya ana ɗaukar ciwon hanta. Ga santsin tayil, ga ciwon baya, ga hannun da sabulu mai ƙarfi ya cinye saboda babu safar hannu. Duk waɗannan suna cikin abin da dokar ke nufi da rauni ko cutar wurin aiki.

Har hanya ma ta shiga. Hatsarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki ana biyan diyyarsa, muddin mai kamfani ya san adireshin tun farko. Ga mutanen da ke fitowa da asuba a kan acaɓa ko Keke, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Uzurin da aka fi ji daga masu kamfanin da ba sa biyan wannan kuɗi shi ne, "Ai 'yan wucin gadi ne, kullum nake sallamarsu." Dokar ta toshe wannan ƙofa. Ma'aikaci a wurinta ya haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da mai rabin yini, ko da yarjejeniyar baka ce aka yi. A ganina, ba tsada ce ke hana biya ba. Gasar kwangila ce: kowa na karya farashi don ya samu aikin, kuma abin da ba a gani a ranar duba aiki shi ake fara sokewa. Tayil mai ƙyalli ana ganinsa, takardar NSITF kuwa sai an tambaya.

Abin da ake biya ba na yarwa ba ne. Bayan kuɗin magani da na gyaran gaɓoɓi, wanda ya nakasa gaba ɗaya yana karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan mutuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90 ne. Sai dai lokaci yana da tasiri. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, rahoton mutuwa kuwa nan take. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Ana kokawa da jan ƙafa wajen biya, shi ya sa katin asibiti da rasit da sunan wanda ya ga faruwar abin suke da daraja. Kamfanin da ya san abin da yake yi yana ajiye littafi guda don rubuta kowane hatsari a ranar da ya faru, ko da yankan gilashi ne.

Su ma masu ba da kwangilar ba su tsira ba. A dokar, wanda ya ɗauko ɗan kwangila ya yi masa aiki a wurinsa yana tarayya da shi a alhakin wannan kuɗi, kuma yana da damar riƙe shi daga abin da zai biya ɗan kwangilar. Gwamnatin Tarayya ta riga ta sa takardar shaidar NSITF cikin sharuɗɗan neman kwangilarta. Otal da makaranta da asibitin kuɗi su ma suna iya yin haka: a nemi takardar ta wannan shekara, a kuma dubi jerin sunayen da aka yi wa rajista, a gwada shi da mutanen da ake turowa aiki kowace safiya.