Ciwon Suga Bayan Haihuwa: Wace Ce Ke Cikin Haɗari?

Mace mai ciki na iya samun hawan suga ko da ba ta taɓa yinsa ba. Mabiyiya ce ke fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, wato abin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka. Galibi ana gano hawan sugan tsakanin mako na 24 da na 28. Da zarar an haihu, mabiyiya ta faɗo, sai sugan yawancin mata ya sauka. A nan ake yin sakaci, domin kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Wani nazari da mujallar Lancet ta Ingila ta buga a 2009 ya nuna cewa haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin ga irin wannan mata ya ninka na sauran mata sau bakwai. Cikin ne ya tona raunin da ke jikin tun can.

Haɗarin ya fi yawa ga wadda sai da aka yi mata allurar insulin, da wadda sugan ya bayyana tun farkon ciki, da wadda uwa, uba ko ɗan'uwa na jini ke da ciwon. Haka ma wadda ya sake dawo mata a wani cikin, ko shekarunta suka ja. Waɗannan ba a hannunta suke ba. Abin da ke hannunta, da hannun dangi, shi ne ƙiba.

A Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, kamar sauran ƙasar Hausa, ana gane gatan mai jego da yadda ta murmure. Kunun kanwa da fura da gasasshen nama ba laifi ba ne, uwa mai shayarwa na buƙatar abinci. Matsalar ita ce sugan da ake zubawa a kunu da shayi, da lemun kwalba na 'yan barka, da zaman wuri ɗaya. Ga wadda ta yi sugan ciki, duk kilon da ya ƙaru bayan haihuwa yana ƙara matsar da ita kusa da ciwon. Siririya ma ba ta tsira ba, musamman idan akwai gado. Sannan a Nijar, inda ƙididdigar 2012 ta nuna haihuwa 7.6 ga mace ɗaya, sau da yawa wani cikin na shiga kafin jiki ya koma daidai, shi ya sa tazarar haihuwa ta shiga cikin maganin.

Al'adarmu ta doguwar shayarwa kuwa garkuwa ce. Binciken da aka yi a Kalifoniya ta Amurka, aka buga a 2015, ya gano cewa matan da suka shayar sosai haɗarinsu ya ragu da kusan rabi cikin shekara biyu.

Likitoci na son a sake auna jinin uwa tsakanin mako 4 da 12 bayan haihuwa, daga nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku. Wannan ya zo daidai da arba'in, da kuma rigakafin da ake yi wa jariri a mako na shida. A ganina, ranar da aka goyo yaro zuwa likita, bai dace uwarsa ta koma gida ba a auna ta ba. Idan babu kayan awo a cibiyar lafiya (CSI) ta kusa, a nemi takardar zuwa Gidan Rumji ko Maraɗi, miji kuma ya ɗauki kuɗin motar a matsayin wani ɓangare na hidimar jego. Awon da ya kai giram 1.26 a lita kafin karin kumallo alama ce ta ciwon suga, kuma yakan kai haka tun kafin ƙishirwa, yawan fitsari ko rama su bayyana.