Bashin Asibiti Da Rancen Noma: Yadda Manoman Amurka Ke Gyara Sunansu

A ƙasar Amurka manoma da yawa ba su kan yi shuka da kuɗin aljihunsu kaɗai ba. Gonakinsu manya ne, iri da takin zamani da man tarakta kuwa duk tsada gare su. Sabo da haka tun cikin hunturu mai noman masara ko waken soya ya kan tafi banki ya nemi rancen da zai yi shuka da shi a watan Afrilu ko Mayu, ya biya bayan kaka. To, kafin ma'aikacin banki ya tambaye shi yawan ekar da ya ke nomawa, sai ya fara duba wani abu tukuna, watau makinsa na biyan bashi.

Ga yadda abin ya ke. Akwai manyan kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda aikinsu shi ne ajiye labarin bashin ko wane mutum: nawa ya ci, wurin wa, ya biya kan kari ko ya yi jinkiri. Daga wannan labari a ke fid da maki. Wanda aka fi aiki da shi a na ce da shi FICO, ya fito a 1989, ya na farawa daga 300 ya tsaya a 850. Mai 670 ko fiye, a na ganinsa da mutunci. Wanda ya kasa 580 kuwa, ko dai a hana shi, ko a ba shi da ruwa mai nauyi. Kashi 35 cikin 100 na makin daga biya kan kari ya ke fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke kan mutum, sauran daga daɗewarsa cikin harkar, da irin basussukansa, da yawan sabon rancen da ya nema.

Manomi ba ma'aikacin kowa ba ne, shi ke sayen inshorar lafiyarsa da kansa, shi ya sa a gidaje da yawa uwargida ta kan kama aiki a cikin gari don iyali su shiga inshorar wurin aikinta. Ga shi kuma noma da inji aiki ne mai haɗari, tarakta ta kan kife, inji ya kan kama hannu. Manoman ma ba yara ba ne, ƙidayar 2022 ta nuna matsakaicin shekarunsu 58 ne, inshorar gwamnati ta tsofaffi kuwa sai mutum ya cika 65. Kwana kaɗan a gadon asibiti sai a aiko da takardar kuɗi ta dubban daloli. In ba a biya ba, asibiti ya miƙa maganar ga kamfanin masu karɓar bashi, su kuma su kai sunan mutum wurin kamfanonin nan uku. A nan maki ke faɗuwa. Hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta ƙasar ta ba da labari a 2022 cewa bashin asibiti da ke rubuce cikin takardun mutane ya kai dala biliyan 88. Bisa dokar 1970, irin wannan tabo ya na iya zama cikin takardar mutum har shekara 7.

Mutane da yawa sun yi ta cewa wannan ba adalci ba ne, gaskiyarsu kuwa, don ba wanda ya ke zaɓar ranar da zai kwanta ciwo. An sami sauƙi kaɗan. Daga ran 1 ga watan Yuli 2022 kamfanonin uku suka yarda su share duk bashin asibitin da aka riga aka biya, wanda ba a biya ba kuma ba za a rubuta shi ba sai ya shekara guda. A watan Afrilu 2023 suka cire duk wanda bai kai dala 500 ba. A watan Janairu 2025 hukumar da aka ambata ta kafa ƙa'idar da za ta cire bashin asibiti ɗungum, amma cikin watan Yuli na shekarar wani alƙalin tarayya a jihar Texas ya soke ta. Watau dai babban bashin da ba a biya ba ya na nan ya na iya ɓata wa mutum suna, sai fa a jihohin da suka yi tasu dokar, kamar Kolorado da Niyok a 2023.

Abin da manomi mai hankali ya kan yi

Ba ya jira sai ranar da zai shiga banki. Tun da kaka, sa'ad da kuɗin hatsi ke hannu, ya kan nemi takardar tarihin bashinsa daga dukan kamfanonin uku, kyauta a ke ba da ita. Sai ya zauna ya bi ta layi layi. Takardun asibiti su na da yawan kuskure: a rubuta aiki ɗaya sau biyu, ko a nemi mutum da kuɗin da inshora ya kamata ta biya, ko a bar bashin da aka biya tuntuni. In ya ga haka sai ya rubuta ƙara ga kamfanin, ya haɗa da rasit, doka ta ba su wajen kwana 30 su bincika, abin da ba su iya tabbatarwa ba su share shi. Mai karɓar bashi ma in ya aiko da sanarwa, mutum na da kwana 30 ya ce a kawo masa shaida.

In bashin na gaskiya ne, sai ya koma asibitin. Dokar lafiya ta 2010 ta tilasta wa asibitocin da ba na neman riba ba su kasance da tsarin rangwame ga marasa ƙarfi, mutane da yawa kuwa ba su san da shi ba, sai wanda ya tambaya. Masu karɓar bashi su ma su kan yarda da abin da bai kai cikakken kuɗin ba, amma fa kada a biya ko sisi sai an sa yarjejeniyar a takarda. Da zarar an biya, tabon zai fita gaba ɗaya, ba kamar sauran basussuka ba da sawunsu ke zama ko bayan biya.

Akwai wani rami da mutane ke faɗawa garin gaggawa. Mutum ya ɗauki katin bashi na banki ya biya asibiti don ya huta da waya da wasiƙu. Daga ran nan ba bashin asibiti ba ne kuma, ya zama bashin kati, mai ruwa mai yawa, duk sauƙin nan na shekara guda da na dala 500 bai shafe shi ba. Ga shi kuma katin ya cika, cikar kati kuwa ita ma ta na jan maki ƙasa. Shawarar da a kan bayar ita ce kada abin da ke kan kati ya wuce kashi 30 cikin 100 na iyakar da aka yanka wa mutum. Haka nan kada ya yi ta neman sabon rance nan da can cikin watannin da zai je banki, kada kuma ya bar biyan kuɗin tarakta ko na gona ya makara don ya biya asibiti, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Wanda banki ya ƙi duk da haka, ya na da wata ƙofa. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta na da sashen ba da rance ga manoman da ba su samu a wani wuri ba. Ƙa'idarsu ba ta tsaya kan lamba kaɗai ba, su kan duba dalili. Jinkirin biya da ya zo daga abin da ya fi ƙarfin mutum, wanda kuma ya wuce, ba a lissafa shi cikin rashin amana. Sai dai baki kawai ba ya isa, sai ya zo da takardun likita da na biyan da ya yi kafin ciwon da bayansa.

A Nijeriya fa?

Kada manomi ya ce wannan labarin Turawa ne. A nan ma akwai kamfanoni uku masu lasin Babban Banki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, dokar 2017 kuma ta ba ko wane mutum ikon karɓar takardarsa kyauta sau ɗaya a shekara, ya kuma yi ƙara in an yi masa kuskure. Bambancin shi ne asibiti a nan galibi sai an biya a ke aiki, sabo da haka bashin ciwo ba ya fitowa da sunan asibiti. Ya kan fito da sunan rancen da aka ci daga ƙaramin banki ko ta wayar hannu da tsakar dare, ko rancen taki da aka karkata aka kai mai naƙuda asibiti. Takarda ba ta san dalili ba, ta dai ce an ci ba a biya ba. Lambar BVN da aka fara a 2014 ta haɗa asusun mutum duka, tun 2020 kuma banki na iya cire bashinsa daga kuɗin da mutum ya ajiye a wani bankin, in ya sa hannu kan haka lokacin karɓar rance.

Wanda ciwo ya taɓa a bana, ya kuma ke da niyyar neman rance don damina mai zuwa, lokacin gyara shi ne watan Nuwamba da Disamba, sa'ad da amfani ke rumbu. Ya je wurin wanda ke binsa ya faɗi abin da ya faru, ya nemi a tsara masa biya kaɗan kaɗan. In ya gama ya karɓi takardar shaida cewa ba a binsa kome, bayan 'yan makonni ya sake duba takardarsa ya ga ko an gyara, don wani lokaci a kan karɓi kuɗi a manta da aika labari. Katin asibiti da rasit na magani kuwa ya adana su wuri ɗaya da takardun gona, ya tafi da su ranar da zai ga manajan banki.