Ziyarar Ɗagel

A gidanmu ba a cewa za a je kallon Ɗagel. Ziyara ake cewa. Ranar da wani ƙanena ya dawo daga makarantar kwana da kalmar "yawon buɗe ido" a bakinsa, kakarmu ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, can ba buɗe ido aka zuwa yi ba, sadda kai aka zuwa yi." Ba ta ƙara ba, shi ma bai sake faɗa ba.

Lokacin tafiyarmu kaka ce, bayan gero ya shiga rumbu, kafin hunturu ya yi ƙarfi. Tun daren jajibiri mata ke kirɓa dawo, a ƙulle goro a ganye domin dattawan gari, a canzo 'yan kuɗin sadaka ƙanana. Kowa da alwalarsa yake fita daga gida. Daga Sakkwato a kama hanyar Illela, a ƙetare gulbin Rima, a wuce Kware, a shiga ƙasar Gwadabawa, sannan a saki kwalta a nufi wajen Cimmola, garin da Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya yi ribaɗi. Daga nan surutu ke raguwa a mota ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba.

Ƙasar wurin tana da irin kyawun da sai wanda ya tashi a karkara ke saurin gani. Tuddai ne jajaye marasa tsawo, da gonakin da aka girbe aka bar kara a tsaye, da rumbunan laka masu hular ciyawa jere a bayan gidaje. Gawo, wanda ya yi damina tsirara, a lokacin ne yake sabon ganye, shanu da tumaki na kwance a inuwarsa. Can nesa ka hango raƙumi ɗauke da damman gero, ko jaki da yaro a bayansa. Da hantsi ya yi, hasken rana kan sauka a kan jar ƙasar har ka ga kamar an shafa mata lalle. Na sha tsayawa ina duban tuddan nan ina cewa a raina, su ɗin dai Shehu Usmanu ya riƙa gani in ya fito karatun safe.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne ƙanƙantar garin. Wanda ya taso yana jin sunan Ɗagel a bakin malamai zai zaci birni ne mai ganuwa da ƙofofi. Ƙauye ne. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu a 1754, amma nan iyayensa suka dawo da shi yana ƙarami, nan ya tashi, nan ɗalibai suka riƙa tururuwa zuwa wurinsa daga Zamfara da Kabi da Adar har wurin ya zama cibiyar Jama'a. Nan aka haifi 'yarsa Nana Asma'u wajen 1793. Daga nan kuma ya fita hijira zuwa Gudu a watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairun 1804, bayan Sarkin Gobir Yumfa ya aiko masa ya tashi da iyalinsa kawai, shi kuwa ya ce ba zai bar jama'arsa a baya ba. Daular da ta kai har Adamawa da Ilori daga wannan ɗan wuri ta taso, kuma ina ganin rabin darasin ziyarar ke nan: ka zo da ƙafarka ka ga ƙanƙantar wurin da idonka.

Ba a faɗa wa wuraren ziyara kai tsaye. Sai an fara zuwa an gai da manyan gari, maza su durƙusa a zaure, a miƙa goro, a yi ta "Allah shi gafarta Malam, mun same ku lafiya?" har gaisuwa ta ƙare da kanta. Sannan a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora, galibi dattijo ne da ya gaji aikin. Shi zai nuna inda gidan Shehu yake, da inda yake zama ya karantar, da masallaci, da kaburburan magabata, ciki har da na mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo. Takalma tun daga nesa ake tuɓe su. Ƙasa da zafi, ga ƙaya, amma ban taɓa ganin babba ya yi ƙorafi ba. A yi wa mamata sallama, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, a yi salati, a roƙa musu gafara, a shafa. Yara kuwa an riga an ja musu kunne: ba dariya, ba nuni da yatsa, ba tsallake kabari.

Wurin karatun ne ya fi tsaya mini a rai. Babu wani abin ado a cikinsa. Dattijon da ya yi mana jagora a zuwana na farko ya tsaya a gefe, ya rage murya kamar mai gudun katse darasi, ya ce mana a nan maza ke zama, mata kuma daga can, domin Shehu bai yarda a bar mata cikin jahilci ba ko da malaman zamaninsa sun zarge shi a kan haka. Kakarmu na jin wannan sai hawaye. Ita 'yar taru ce. Tun tana budurwa take bin jajin ƙauyensu, tsohuwa mai malfa, su yi kwanaki a hanya da ƙafa, ɗauke da hatsi da man shanu da zuma, su je Hubbaren Shehu su ɗauki karatu su koma su koyar da matan da aure ya tsare a gida. Tsarin da Nana Asma'u ta kafa ke nan, ya kuma rayu bayan rasuwarta a 1864. Don haka in kakarmu ta tsaya a Ɗagel, ba tarihin wasu take saurare ba. Gidan su malamarta ta zo. Takan zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta yi ta motsa baki a hankali, mu kuwa mu tsaya jiranta har rana ta take.

Sai maganar ƙasa. Tsofaffin mata da yawa kan duƙa su ɗebi 'yar ƙasar wurin su ƙulle a bakin zane. Wasu su ajiye, wasu su jiƙa wa mara lafiya. A gidanmu wannan ya raba kawuna shekara da shekaru, musamman bayan da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya shigo unguwarmu. Kawuna yakan ce Shehu ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane neman biyan buƙata wurin duwatsu da itatuwa, to ina dalilin a zo garinsa a mai da ƙasarsa magani? Kakarmu takan amsa, "Ni ba roƙonta ni kai ba. Ƙauna ta." A wannan gaɓa ina tare da kawu, domin ziyarar kabari addu'a ce ga mamaci da tuna lahira, jiƙa ƙasa a sha kuwa ba ni da hujjarsa. Amma ban taɓa iya ganin hannun tsohuwar nan yana ƙulla bakin zane na ji haushinta ba. Mace ce da ba ta mallaki littafin Shehu ko ɗaya ba, karatunta duk a ka yake, tana son ta koma gida da wani abu da za ta riƙe.

Bayan an gama sai sadaka. Almajirai da tsofaffi na jira a inuwa, a bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a jefawa, a hannu ake sakawa. Daga nan a shimfiɗa tabarma a gindin itace, a sayi nono wurin matan Fulani a dama furar da aka zo da ita, a kira duk wanda ke kusa ya sa ludayi. Mutanen Ɗagel ba sa barin baƙo ya tafi haka nan. Ko ruwan randa ne sai an kawo, wani lokaci har da ɗan wake ko gyaɗa na tsaraba.

Yanzu abin ya ja baya, kuma yana damuna. Tsofaffin da ke tara mu sun ƙare. Rashin tsaro a gabashin Sakkwato ya sa mutane na tunani sau biyu kafin su saki kwalta. Waɗanda ke zuwa, da yawansu ɗalibai ne a motar makaranta, kuma na ji daɗin zuwansu, sai dai na ga wasu sun shiga da takalmi, waya a sama, suna ɗaukar hoto tun kafin su yi wa mamata sallama. Ba laifinsu ba ne kacokan. Ba wanda ya tashe su da asuba ya ce su yi alwala, ba wanda ya ba su goron kai wa dattawa.

Da kakarmu ta rasu, mata suka buɗe adakarta domin rabon kaya. A ƙarƙashin zannuwa aka sami ƙulli bakwai na tsumma, kowanne da jar ƙasa a ciki, wasu har sun fara yagewa don tsufa. Aka rasa mai cewa komai, aka aika wa kawu. Ya zo ya karɓa, ya daɗe yana juya su a tafin hannunsa. Sannan ya fita can bayan gidanmu, gindin magaryar da take zama ta ja carbi, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a wurin, ya ɗebo ruwa a buta ya yayyafa.