Daga tsohon batir zuwa harsashi: Gubar dalmar da ke shiga gidajen mafarauta

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Kazaure, hunturu ya fara busawa, sai mafarauta su saukar da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. A kankare tsatsa, a shafe ƙarfen da kitse ko baƙin mai, sannan a koma kan tanadin harsashi. Mai bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, ba lallai ne ya sayi harsashi ba. Wasu na ɗura gutsattsarin ƙarfe, wasu kuma na narka dalma su zuba ta ƙanana-ƙanana.

Idan ana maganar haɗarin bindiga, hankalin kowa na kan abin da ke fita daga bakinta. Amma akwai wani haɗarin da ke farawa tun kafin a harba, a kan murhun da ake narka dalmar, kuma yara ƙanana ne suka fi shan wahalarsa.

Tsohuwar sana'a

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka fara kawo bindigogi Kano, kuma Sarki Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Har gobe ƙarar bindigar toka na cikin alamomin hawan sallah a masarautun Arewa, ciki har da Kazaure. Sai dai 'yan bindigar sarki albarushi zalla suke ɗurawa, ƙara da hayaƙi kawai ake so.

Mafarauci kuwa nama yake nema. Shi ya sa dangantakarsa da maƙeri ta daɗe: maƙerin da ke ƙera fartanya da lauje da gatari, shi ake kai wa bindiga idan ta samu matsala.

Yanzu buƙatar ta wuce ta farauta. Ƙananan hukumomin Gwiwa da Roni na maƙwabtaka da Jihar Katsina, wadda ta daɗe tana fama da 'yan fashin daji, ita kuma Babura tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. A ƙauyuka da dama na Arewa, mafarauta ne ke zama 'yan sintiri idan dare ya yi, kuma bindigar toka ce makaminsu.

Me ya sa ake son dalma?

Dalma na da nauyi, tana da taushi, kuma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 a ma'aunin Salshiyos ba, wato ƙasa da na ƙarfe nesa ba kusa ba. Wannan sauƙin ne ya sa aikin ke barin maƙera ya shigo tsakar gida. Inda aka fi samunta da araha kuwa shi ne cikin tsofaffin batiran mota da na sola, waɗanda ke yawo a hannun 'yan gwangwan.

A Amurka ma akwai masu sha'awar zuba harsashinsu da kansu, har da mazubi na musamman da man shafawa. Amma hukumomin lafiya na can sun daɗe suna lissafa wannan aiki cikin hanyoyin da gubar dalma ke shiga gida.

Yadda gubar ke shiga jiki

Idan aka fasa batir, garin da ke jikin faifansa na zuba a ƙasa. Idan aka narka dalma, ƙurarta da kumfar da ake yaɗewa daga samanta na bajewa a tsakar gida, ta kama tufafi da hannu da kwanon abinci. Dalma ba ta ruɓewa. Tana iya shekara da shekaru a cikin turɓaya, daidai inda yaro mai rarrafe ke wasa yana kai hannu baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin basira, ta jawo ƙarancin jini. A manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Tana kuma taruwa a ƙashi, ta fito lokacin da mace ke da juna biyu ta isa ga ɗan da ke ciki.

Naman dajin ma bai tsira ba. Harsashin dalma na farfashewa a jikin zomo ko zabuwar daji, ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Darasin Zamfara

Arewa ta riga ta ga ƙarshen wannan guba. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yadda yara ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin alamun sun yi kama: amai da jijjiga da suma. A 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Narka dalmar harsashi bai kai girman haƙar zinare ba, amma hanyar ɗaya ce: an kawo aikin guba inda iyali ke kwana. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ce kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, na da dalma a jini fiye da ƙima, kuma ya sa fasa tsofaffin batira ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai.

Me doka ta ce?

Da yawa na ɗauka cewa bindigar gargajiya ba ruwanta da hukuma. Ba haka ba ne. Dokar bindigogi ta 1959 ta haɗa da bindigar da ake ɗura wa ta baki, kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisin riƙe ta. Ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ƙarfafa cibiyar da aka kafa don wannan aiki a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Dokar na kallon bindiga ne ta fuskar tsaro. Ɓangaren lafiya kuwa ya fi kusa da hannun Sarkin Maƙera da Sarkin Baka da masu unguwanni da ma'aikatan asibitocin karkara, domin su ne suka san gidajen da ake wannan aiki. Matakan kariyar ba masu tsada ba ne: kada a fasa batir ko narka dalma a cikin gida, kada kwano ko cokalin da ya taɓa ta ya koma madafi, a wanke hannu a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro, a kuma yanke naman da ke kewaye da inda harsashi ya shiga a zubar.

Idan kuma yaron gidan mafarauci ko maƙeri ya yawaita ciwon ciki, ko kasala, ko jijjiga, ya kamata iyaye su gaya wa likita sana'ar gidan. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da gubar dalma, kuma likita ba zai yi tunanin sa a yi shi ba idan bai san abin da ake narkawa a tsakar gidan ba.