Jakar hannu mai taya: mu auna ta tun a kasuwa

Ƴan kasuwarmu masu tashi daga Yamai zuwa Dubai ko Istanbul, mu kula da jakar shiga jirgi. Ga mai ƙaramin tikiti, kamfanin Ethiopian kilo 7 ya amince a riƙe a hannu, Turkish kilo 8, girmanta santimita 55 da 40 da 23, har da tayoyi da mariƙi.

To, jaka mai taya tana iya cin kilo 3 tun babu komai cikinta. Hajiya, me ya rage miki? Mu je kasuwa da abin awon tela, mu ɗaga jakar mu ji nauyinta, mu gwada zik. Ta yadi tana lanƙwasa, amma in an cusa kaya ta kumbura, sai a karɓe ta a haɗa da manyan kaya, wani lokaci har da biya.